Bayan aikin zuciya: ƙwaya ɗaya kullum, awon jini kowane wata, komawa kasuwa sannu-sannu

Duk lokacin da aka ce wani ɗan kasuwa ko wata ƴar kasuwa sai an yi mata aikin zuciya, irin wanda ake tsaga ƙirji a buɗe, ba a barin gidan su kaɗai da ɗawainiya. Dangi su haɗa, maƙwabtan rumfa su haɗa, wani ya sayar da fili, wata ta sayar da awakinta da ƴan kunnenta, har kuɗin tafiya Tunisiya ko Maroko ko Indiya su cika. In Allah ya sa an dawo lafiya, gida ya cika da masu barka da arziki mako ɗaya ko biyu, daga nan kowa ya kama gabansa, don a ganin jama'a magana ta ƙare. To amma ga wanda aka saka wa ƙyauren zuciya na ƙarfe, nan ne ma maganar ta soma. An sallamo shi da wata ƴar ƙwaya wadda ba ta kai ƙwayar wake ba, da ɗan karne na rubuta sakamakon awon jini, kuma ba ya rabuwa da waɗannan biyun har iyakar rayuwarsa.

Zuciya tana da ƙyaure 4 a cikinta, masu buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya komo baya. A ƙasashenmu abin da ya fi lalata su shi ne ciwon maƙogwaro na yara, wanda wata ƙwayar cuta ke kawowa, in ba a ba yaron penisilin ba. Wajen yaƙi da cutar sai jiki ya ruɗe ya far wa gaɓoɓinsa da ƙyauren zuciyarsa. Ciwon gaɓoɓin yakan wuce a manta da shi, ƙyauren kuwa yana ta lalacewa a ɓoye, sai mutum ya kai shekara 20 ko 30 a ga yana haki, ƙafa na kumburi, mace kuma sau da yawa sai ta ɗauki ciki abin ke fitowa fili. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta masu wannan ciwo sun haura miliyan 50 a duniya, yana kuma kashe sama da mutum 300,000 a kowace shekara, galibinsu a ƙasashe matalauta.

Idan ƙyauren ya wuce gyara sai a musanya shi. Akwai na nama, wanda ake yi da fatar zuciyar saniya ko ƙyauren zuciyar alade. Shi mai shi yakan sha maganin tsinka jini na kamar wata 3 ne kawai, in dai babu wata larura, amma yana tsufa cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma bai kai haka ba, sai an sake aiki. Akwai kuma wanda muke kira na ƙarfe, wanda ba ya ƙarewa, shi ya sa likitoci suka fi saka wa matasa shi. Shi ne ake jin yana ƙas-ƙas kamar agogon hannu idan dare ya yi shiru. Aibinsa ɗaya ne: jini yana ganinsa baƙo, yana son ya daskare a kansa. Gudan jinin yana iya maƙale ƙyauren ya hana shi motsi, ko ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe ta cikin ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe kusa da Khartum a 2007, wadda ta yi wa marasa lafiya daga ƙasashen Afirka da dama wannan aiki kyauta, sai da ta keɓe sashe guda don bin awon jinin waɗanda ta yi wa aiki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya sa hanyar can ta yi wuya, amma darasin yana nan, wato su da ke riƙe da wuƙar sun san ba a ɗakin aiki abin ke ƙarewa ba.

Ƙwayar da awonta

Muna cewa maganin tsinka jini, amma ba ruwa yake mayar da jinin ba. Abin da yake yi shi ne jinkirta daskarewarsa. A farmasinmu an fi sanin Sintrom mai miligiram 4, wanda ke da tsaga a gicciye don a iya raba shi huɗu. Akwai kuma warfarin, wanda a Faransa ake sayarwa da sunan Coumadine, shi ne kuma aka fi samu a Najeriya. Warfarin ɗin yana da tarihi mai ban mamaki. Cikin shekarun 1920 shanu suka riƙa mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta ruɓe. Daga binciken wannan harawar aka samo shi, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince a ba mutane. Ba don a tsorata kowa muka kawo wannan ba, sai don a gane cewa ƙwaya ce da ake auna ta kamar yadda ake auna zinariya, ba kamar yadda ake auna gero ba.

Ma'auninta shi ne awon jinin da ake rubuta TP da INR a kan takardar labo. Lambar INR ta mai lafiya da ba ya shan komai tana wajen 1. Likita yakan so ta mai ƙyauren ƙarfe ta tsaya tsakanin 2 da 3, ko tsakanin 2.5 da 3.5, gwargwadon ƙyauren da aka musanya da irinsa. Ta yi ƙasa, gudan jini na iya taruwa. Ta haura 5, jini na iya ɓallewa ko'ina, har cikin kai. Abin da ya sa lamarin ke da wuya shi ne jiki ba ya gaya wa mutum inda lambar take. Mai 1.3 da mai 6 duka suna iya zama a rumfa suna ciniki suna dariya, kowa na jin garau. Da farko ana awo kowane ƴan kwanaki har lambar ta zauna, daga baya aƙalla sau ɗaya a wata, da kuma duk lokacin da aka ƙara wani magani ko aka yi jinya.

Ana shan ƙwayar sau ɗaya a rana, lokaci guda, galibi da dare, don in an yi awo da safe likita ya iya gyara adadin tun a ranar. Ɗaura ta da wani abin da ba ya tashi, kamar bayan sallar Isha'i ko lokacin ƙirga cinikin yini, ya fi dogaro da tunani. Wanda ya manta ya tuna kafin awa 8 ya sha. In ya wuce haka ya bar ta, ya rubuta a karne, kashegari ya sha adadinsa na kullum, kada ya ninka. Sintrom ba ya daɗewa a jiki, saboda haka kwana biyu ko uku babu shi sun isa su bar ƙyauren ba mai gadi.

A nan akwai tarkon da ya shafi fatake kai tsaye. Mutum ya tafi Kano sari, maganinsa ya ƙare, ya shiga kanti ya ce maganin tsinka jini, a miƙo masa warfarin, ya riƙa shan adadin da ya saba sha na Sintrom. Ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wani kuma a nuna masa sababbin magunguna irin su Xarelto ko Eliquis, a ce masa waɗannan ba su bukatar awo, na masu kuɗi ne. Gaskiya ne suna da amfani ga wasu cututtuka, amma ba ga mai ƙyauren ƙarfe ba. An gwada ɗaya daga cikin danginsu, dabigatran, a kan masu irin wannan ƙyaure, aka tsayar da gwajin tun bai ƙare ba, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna shanyewar jiki da zubar jini duka sun ƙaru. Tsohuwar ƙwayar nan mai arha, mai wahalar awo, har yanzu ita ce dai.

Ƙashin ƙirji ba ya son gaggawa

Kafin a kai ga zuciya sai an raba ƙashin tsakiyar ƙirji biyu, bayan an gama a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe masu zama a ciki har abada. Karaya ce, ko da likita ne ya yi ta, kuma tana son mako 6 zuwa 8 kafin ta kama, wani sai wata 3 take ƙwari sosai. Cikin wannan lokaci akan hana ɗaukar abin da ya wuce kilo 5. Mu kawo shi gida: tiya biyu ta gero ke nan. Bidon ruwa mai lita 25 ya ninka haka sau 5, buhun shinkafa sau 10, buhun albasar Galmi kuwa ba a ma maganarsa. Daka, jan guga, tuƙin tuwo a babbar tukunya, ɗora kaya a ka, jan ƙofar shago ta ƙarfe, tada babur, ɗaga yaro a goya, duka suna jan ƙashin ne ta gefe biyu. Matan gida su ne suka fi shiga wannan hatsari, don mace tana jin ɗan sauƙi sai kunya ta kama ta, ta ce ba ta zauna kishiya ko suruka na yi mata aiki. Maigida ne ya kamata ya yanke wannan magana a gaban kowa, ba a bar ta da ita ba.

In tari ko atishawa ya zo, a rungume matashin kai a ƙirji. Makwannin farko a kwanta rigingine, kuma gado ko katifa mai tudu ta fi tabarma, don tashi daga ƙasa yana sa a dogara da hannu. Haka ma sallah, ana yin ta a zaune har ƙashin ya kama. Ɗinkin a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a tsane shi, kada a shafa masa man kaɗe ko toka ko garin magani. In ya yi ja, ko yana ruwa, ko ana jin ƙashin na motsi, sai asibiti.

Kwanciya dai ba ita ce jinyar ba. Tafiya a ƙasa kullum ita ce maganin da ba a saye, a fara da tsakar gida, sai ƙofar gida, sai masallacin unguwa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya ko bayan La'asar. Rashin barci, rashin jin daɗin abinci, saurin fushi, har kuka ba dalili, duka sanannu ne bayan wannan aiki, kuma sukan wuce. Ba aljanu ba ne, ba kuma butulci ba ne. Tuƙi sai bayan mako 4 zuwa 6 in likita ya yarda. Kabu-kabu kuwa, ko bayan an warke, a tuna cewa faɗuwar da wani zai tashi ya kaɗe riga, mai shan wannan ƙwaya tana iya tara masa jini cikin kai. In dole ce, to da hular kwano. Komawa rumfa a fara da rabin yini, a zauna ana karɓar kuɗi, yaro na ɗauko kaya.

Zogala, kuka da shu

Ƙwayar tana aiki ne ta hanyar danne bitamin K, wanda hanta ke bukata don haɗa abubuwan da ke daskarar da jini. Bitamin K kuwa cikin koren ganye yake: zogala, rama, alayyafo, lalo, tafasa, kuka, shu, salati. Daga nan ne wasu ke hana wa mara lafiya duk wani ganye, su bar shi da farar shinkafa. Kuskure ne. Wanda ba ya cin ganye kwata-kwata lambarsa ta fi saurin tashi da faɗuwa. Abin da ake so shi ne ci ya zama iri ɗaya mako bayan mako. Mai cin miyar kuka kullum ya ci gaba da abinsa, likita zai daidaita ƙwayar a kan haka.

Inda matsalar take shi ne sauyin lokaci, kuma takardun da ake ba mutum a asibitin waje ba su san da wannan ba. Da damina ganye ya cika kasuwa ya yi arha, dambun zogala safe da yamma, sai lambar ta sauka. Da sanyi lambuna su kawo salati da shu, haka. Da bazara ganye ya yi wuya, ga zafi na hana cin abinci, sai ta hau. Azumi ma yana juya ci da sha gaba ɗaya, saboda haka wanda aka yi wa aiki ya tambayi likitansa tun Sha'aban ko jikinsa zai ɗauka, in zai yi kuma ya ƙara awo a farkon watan. Garin zogala da ake sha cokali-cokali da sunan ƙarin jini ba ɗaya yake da ɗan ganyen cikin miya ba, a bar shi. Gishiri, magi da kanwa a rage su, don suna tara ruwa a jiki. In nauyi ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana biyu ko uku, ko ƙafa ta kumbura, ruwa ne, ba ƙiba ba.

Tiren mai tallar magani da askar wanzami

Babu abin da ya kai maganin bakin hanya hatsari ga waɗannan bayin Allah. Ɗan kasuwa ya yini tsaye, baya na ciwo, mai tire ya zo wucewa, a ce ba ni na gajiya. Yawancin na gajiyar nan aspirin ne, ko ibuprofen, ko diclofenac, wani lokaci a gauraye da parasetamol cikin ƙwaya ɗaya, kuma suna ƙwarzar ciki su sa shi zubar jini, ga shi jinin ba ya tsayawa da wuri. Parasetamol zalla shi ne mai dama, shi ma in za a sha da yawa kwanaki a jere a gaya wa likita. Flagyl da Bactrim, waɗanda ake saye kamar alewa in ciki ya ɓaci, suna cilla lambar INR sama cikin ƴan kwanaki. Rifampisin da ke cikin maganin tarin fuka kuwa akasin haka yake yi, yana kashe ƙarfin ƙwayar. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi, babu mai iya gaya maka abin da za su yi wa lambar, har shi mai sayarwar.

Sai abin da ya shafi fata da nama. Ƙaho, tsaga, cire haƙori a kasuwa, duka a yi musu sallama. Allura a tsoka tana iya tara jini a ɗuwawu, don haka kafin kowane anfirmiye ya ɗaga sirinji a nuna masa karne. Wasu ana ci gaba da ba su penisilin na shekaru don kada ciwon farko ya dawo, likitan zuciya ne zai faɗi ta wace hanya. Haƙori a kula da shi sosai, da buroshi mai laushi ko asuwakin da aka tauna ya yi laushi, domin ƙwayoyin cutar baki suna iya bin jini su sauka a kan ƙyauren. Saboda wannan ne zazzaɓi ba abin wasa ba ne gare su. Mu nan duk zazzaɓi na sauro ne a wurinmu. To a yi awo, in ba shi ba ne, ko an sha magani bai sauka ba, a nufi likitan zuciya. Amai da gudawa su ma suna hargitsa lambar.

Da hunturu haɓo yakan yawaita. A zauna, a sunkuyar da kai gaba, a matse hanci minti 10 ba saki. In bai tsaya ba sai asibiti.

Ga mata akwai ƙarin magana. Jinin al'ada yakan ƙaru, in ya yi yawa har ana jiri a faɗa, akwai abin da ake yi, amma ba a daina ƙwayar. Ciki kuma sai da shiri, don maganin na iya lahanta halittar ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, daina shi kuwa na iya kashe uwar. Mata da yawa masu ƙyauren ƙarfe sun haihu lafiya, amma da shawarar likita tun kafin a ɗauki cikin, da haihuwa a babban asibiti. Wadda ta ga batan wata ta je a ranar, kada ta jira awon ciki na wata uku. Mai shan Sintrom ko warfarin tana iya ba da nono. Kunun kanwar jego kuwa ba nata ba ne.

Lissafin da ba a yi ba

Kuɗin aikin an san su, an tara su. Waɗanda ba a lissafa ba su ne na kowane wata: kuɗin awo, kuɗin ƙwaya, da kuɗin mota ga wanda ke Dakoro ko Mayahi ko Magarya ko Madawa in sai ya shigo babban gari zai samu labo, ga ranar ciniki guda da ta tafi. Shekarar farko ana yi. Ta biyu, jiki ya yi kyau, kasuwa ta yi nauyi, sai a fara cewa wata mai zuwa. Wasu kuma ana zuga su cewa ai Allah ya ba ka lafiya, me za ka yi da magani. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin yadda ake keɓe kuɗin da ba a taɓawa. Zubi ɗaya na adashe, ko asusu na musamman, ya isa ya riƙe wannan, kuma dangin da suka haɗa miliyoyi ba za su kasa haɗa ƴan jikkuna a wata ba in an gaya musu gaskiyar lamarin.

Mai tafiya Agadas ko Lome ko aikin Hajji ya yi awo kafin ya tashi, ya ɗauki maganin da ya fi kwanakin tafiyar, ya raba shi biyu, rabi a aljihu rabi a jaka, kada ya bar shi cikin kaya a saman mota rana na dukansa. A gida ma kada a jira kwalin ya ƙare, don yakan yanke a farmasi.

Sannan a samu mutum ɗaya a gida da mutum ɗaya a kasuwa da suka san halin da ake ciki, suka san inda karne yake da lambar wayar likita. Su ne za su lura in baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko numfashi ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙarar ƙyauren ta canza. Shi kuma mara lafiyar ya sa ido kan bayan gida baƙi kamar kwalta, fitsari ja, aman jini, tabon jini a fata ba tare da bugu ba, da ciwon kai mai tsanani wanda bai saba ji ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ko buguwa a kai ko da babu rauni a waje, ba a jira a tashi kasuwa, ba a tsaya neman mai tofi tukuna. A kai shi babban asibiti mafi kusa, kuma maganar farko da za a faɗa a bakin ƙofa ita ce yana da ƙyauren ƙarfe, yana shan maganin tsinka jini. Suna da bitamin K da sauran abin da ke warware ƙarfin ƙwayar, in an kai shi da wuri.